Hoton shadda na hitowa da wata kala daban, mi ke kawo haka?

Maman Hanifa, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku. Don Allah masu saida kaya ta WhatsApp da Facebook ku taimaka min. Shadda da atamfa da leshi nike saidawa daga gida, wasu in ɗauko Babbar Kasuwa wasu a kawo min daga Kano ta Jibiya. Matsalata hoto, shadda ruwan toka in na ɗauka sai ta hito kamar ruwan ƙasa, kiliyan ta yi komande a kai mata ta ce ba ita ta gani a status ba a maido min. Tecno gare ni, sai na canza waya ne ko da dabara?

Ɗan Gulbi mai takalma:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ɓata kuɗɗinki, ba waya ba ce, haske ne. Na tabbata cikin ɗaka kike ɗauka da dare ƙarƙashin ampul, ita kau ampul kalarta take zuba ma kaya, wata ta ja su ɗorawa wata shuɗi-shuɗi, in kin ƙara da filash a kan shadda mai maiƙo sai ƙyalli ya cinye zanen gaba ɗaya. Ki hito tsakar gida da sahe wajen ƙarhe 8 zuwa 10, amma cikin inuwar bango ko zaure, ba cikin rana tsaka ba, ranar Maraɗi in ta take ba kalar da ba ta wankewa. Kuma ba ƙarƙashin bedi ba don ganye na tsaga hasken ya yi dabbare-dabbare kan kaya. Ki shimhiɗa farin ƙyalle, ki ɗebe bokiti da takalman yara daga baya, ki goge idon kamara da gehen mayahi, in hazo ya shigo ƙura kaɗai ta isa ta dusashe hoto. Ki taɓa kan shaddar a ekaran kamin ki danna, kuma ki matso da ƙahwa, zum na hwashe hoto.

Ummi turaren wuta:
Yaya ni dai Photoroom nike sa ma kwalaben humra ta cire bayan ta sa fari tas, in ɗan ƙara haske da Snapseed. Tana kyau walle.

Hajiya Babba mai leshi:
Ummi ɗiyata, kwalba daban zane daban. Mai sayen humra ƙamshi take nema, mai sayen shadda kala take saye, sau da yawa anko ne ma za ta haɗa da na ƙawaye. In kika ƙara kala da filta kin sai da abin da ba ki da shi, ga kuɗɗin ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa, in ta Tasawa ce ko Damagaram ta riga ta turo kuɗɗi ta kamhwanin Nita ai rigima ta yi nisa. Cire baya kuma yana cin bakin leshi, ramukan nan duk ya toshe su. Ni hoto 3 nike yi, ɗaya a ninke da tambarinta a bayyane, ɗaya a warware, ɗaya kusa-kusa a ga saƙa, sai ɗan bidiyo ina juya ta cikin hannu don maiƙon shadda sai tana motsi ake ganinshi.

Ɗan Gulbi mai takalma:
Gaskiyar Hajiya Babba ce. Na manta, WhatsApp na matse hoto, in kiliyan ta nuna da gaske take ki danna HD wajen turawa ko ki aika shi a dokiman, yana cin mega amma a dokiman yana zuwa yadda yake. Kuma ki rubuta kalar da yadi nawa ne ƙasan hoton, don ekaran ɗin kowa da yadda yake nunawa.

Maman Hanifa:
Na gode Allah shi saka. To baƙar shadda fa, ita ma kan farin ƙyallen? Don ita ta hi ba ni wahala.

Ɗan Gulbi mai takalma:
A'a, baƙa kan fari kamara na rikicewa zanen ya ɓace. Sa mata ƙyalle ruwan toka, hasken ya zo mata ta gehe.