Wane suna za mu ba irin waɗannan labaran bincike?

Jama'a, akwai wani nau'in labarin bincike da Turawa ke kira cozy mystery, kuma har yanzu ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba. Ina ganin lokaci ya yi.

Ga yadda yake. Ƙaramin gari ne a karkara, kowa ya san kowa. Sai a wayi gari an tsinci gawa. Marubucin ba ya nuna jini ko azabtarwa, babu batsa, kisan ma yawanci a bayan fage ake yinsa. Mai binciken kuma ba ɗan sanda ba ne. Misalin da aka fi sani shi ne Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar da ba ta taɓa aure ba, mazauniyar ƙauyen St Mary Mead na cikin labari, a Ingila. A littafin farko da Miss Marple ta fito a ciki, The Murder at the Vicarage na 1930, an sami wani kanar a harbe a ɗakin karatun limamin coci. Ita kuwa tana lambunta tana lura da mai shiga da mai fita, tana sauraron gulmar maƙwabta, tana auna kowa da halin wani da ta taɓa sani. Abin da ke riƙe ni a irin wannan littafi ke nan: mai kisan yana cikin mutanen da ake gaisawa da su kullum.

A kan maganar sunan, an riga an kawo shawarwari: wata 'yar'uwa ta kawo "labarin asiri". Hajiya, ki gafarce ni, da an ce asiri hankalin mai karatu boka zai tafi. "Kacici-kacicin kisa" ya fi kusa, don da gaske marubucin wasa ƙwaƙwalwa yake yi da kai, amma kacici-kacici ya yi wa maganar rai sauƙi.

Kalmar cozy ɗin ce mai wahala. A wurinsu ɗumi take nufi, mutum ya lulluɓe a gefen wuta ana sanyi a waje. Mu kuwa kwanciyar hankali da sanyi muke faɗinta: ran mutum ya yi sanyi, an sasanta cikin ruwan sanyi. In muka ce "bincike mai ɗumi", za a ɗauka labari ne da ɗumi-ɗuminsa.

Don haka nake ba da shawarar "binciken ruwan sanyi". Malam ɗin da ya ce "kisan ruwan sanyi", ban bi ka ba, domin kisan bai zama mai sauƙi ba, yadda ake bin diddiginsa ne babu tashin hankali.

Ku gwada shi a baki: "Na fi son binciken ruwan sanyi a kan labaran 'yan sanda." Ya zauna. Saura sunan ita mai binciken, tunda ba jami'a ba ce. Ni dai "mai bin diddigi" nake kiranta, sai in wani yana da wanda ya fi shi.