Wai Tarayyar Turai ta kama hanyar wargajewa?

Malam Bashir: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, Tarayyar Turai ba za ta ƙara shekara ashirin a haɗe ba. Birtaniya ta yi ƙuri'ar ficewa a 2016, ta kama gabanta a Janairun 2020, yanzu kuma ga masu ƙin baƙi suna ta ƙara ƙarfi, a Faransa jam'iyyar Marine Le Pen ce ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai na 2024 har sai da Macron ya rusa majalisar ƙasarsa, a Jamus kuma jam'iyyar AfD mai ƙin baƙi ta zo ta biyu a zaɓen 2025. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sadiƙ: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya huci zuciyarka amma ni ban yarda ba, tambaya ɗaya, tun da Birtaniya ta fita wa ya bi ta? ko ƙasa ɗaya babu, ƙasashe 27 ɗin da suka rage suna nan. Ita kanta Le Pen ta bar maganar fita daga kuɗin yuro bayan ta sha kaye a 2017, Meloni ma da ta hau mulkin Italiya a 2022 kowa cewa yake shi ke nan, ga ta nan ana zama da ita a Brussels, hedkwatar Tarayyar. Kuma ga Yukiren da Moldoba a bakin ƙofa tun 2022 suna neman shiga, gidan da zai rushe ai ba a rububin shigarsa

Hajiya Rabi: Ɗana Sadiƙ kai a takarda kake gani, ni a Jamus nake zaune shekara da shekaru. Da in zan je wajen 'yata a Holan sai dai in ga allo a gefen hanya in san mun shiga wata ƙasa, amma tun Satumbar 2024 Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda su shigo jirgi su tsaya kan mai baƙar fata su ce takardu, wallahi abin yana min ciwo. Schengen ɗin da suke alfahari da shi, wato tsarin ketare iyakokinsu ba tare da bincike ba, yana nan a rubuce amma kowa ya fara jan ƙofarsa.

Malam Bashir: To ka ji daga bakin wadda ke ciki. Allah ya saka da alheri Hajiya.

Hajiya Rabi: Amin Malam, amma fa ban ce za ta watse ba. 'Yan kasuwar Jamus ba za su taɓa yarda a dawo da kwastan tsakaninsu da Faransa ba, abincinsu yana nan. Tsorona shi ne su haɗe kai a kan korar baƙi kawai.

Abdu Agadas: Hajiya wannan haɗin kan mu mun riga mun gan shi. Bayan mutum sama da miliyan ɗaya sun shiga Turai a 2015, mu nan Agadas muka ji a jikinmu, dokar Nijar ta hana ɗaukar 'yan ci-rani ta 2015 da Turai ta matsa aka aiwatar ta sa aka kama direbobi aka ƙwace motoci, matasa da yawa suka rasa sana'a, sai a Nuwamban 2023 sojoji suka soke ta. Sannan sefar da ke aljihuna a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai. Shi ya sa in ana wannan zancen ba na ɗaukarsa labarin nesa.

Sadiƙ: Gaskiya ne Yaya Abdu. Ni a ganina inda matsalar take ba ficewa ba ce, a zauna a ciki a hana ruwa gudu ne. A harkar waje da karɓar sabuwar ƙasa sai duka 27 sun amince, ƙasa ɗaya ta ce a'a magana ta mutu. Ku tuna Disambar 2023, sai da Orban, firaministan Hangari a lokacin, ya fita daga ɗakin taro sannan sauran suka iya amincewa a fara tattaunawar shigar Yukiren, kuma a taron nan dai ya tare tallafin yuro biliyan 50, sai a Fabrairun 2024 ya sake. To in sun kai 30 ko fiye a haka ya za a yi? kuma cire wannan ikon hawa kujerar naƙin shi ma sai kowa ya yarda, wace ƙaramar ƙasa ce za ta miƙa sandarta da hannunta

Malam Bashir: Kai da bakinka ka faɗi abin da nake faɗa. A 2005 Faransa da Holan, waɗanda da su aka kafa abin tun 1951, jama'arsu suka yi watsi da kundin tsarin mulkin Turai. Girka a 2015 mutane suka ce ba sa son sharuɗɗan bashi, aka tilasta wa gwamnatinsu ta sa hannu. Talaka bai manta ba.

Sadiƙ: Bai manta ba Malam, amma Girka ba ta bar yuro ba. Kuma Jamus ɗin da ta matse ta ita ce a 2020 lokacin korona ta yarda a ciwo bashin yuro biliyan 750 da sunan kowa da kowa, abin da ta daɗe tana cewa ba za ta yi ba. Duk sanda wuya ta yi wuya ƙara matsowa suke, yanzu ma tsoron Rasha ya sa suna maganar haɗa kuɗin makamai.

Abdu Agadas: Sadiƙ mu ma haka aka riƙa ce mana game da CEDEAO, wato ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, sai ga Nijar da Mali da Burkina sun fita a 2025.

Sadiƙ: Ba ɗaya ba ne Yaya, su cinikinsu mafi yawa a tsakaninsu yake, ficewa tana da tsada sosai, mu kuwa kayanmu waje suke tafiya.

Malam Bashir: Na ji batun ciniki, wannan na ba ka. Amma ina jiran zaɓen shugaban Faransa na 2027, in jam'iyyar Le Pen ta karɓi Elysee, fadar shugaban ƙasar, ka dawo nan mu ƙarasa.

Hajiya Rabi: Mu da ke nan da 'ya'yanmu shi muke ta yi wa addu'a Malam, ku ma ku sa mu a ciki.