Wai idan daga maƙwabciyar ƙasa 'yan ta'adda ke shigowa, me shugaba ya kamata ya yi?

ɗan_Kamba ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu bin siyasar ƙasashe ku warware min wannan. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta Abuja ta fito tace akwai wasu 'yan ta'adda da ake kira Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, kuma wai ta Nijar suka shigo saboda tun juyin mulkin Yulin 2023 sintirin haɗin gwiwa na kan iyaka ya tsaya, a cikin watan ne ma suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Ba a rufa wata biyu ba sai ga Janar Tiani, wanda ya karɓe mulkin Nijar a juyin mulkin, ranar 25 ga Disamba a talabijin, da Hausa tsantsa yadda ko tsohuwa a ƙauye zata fahimta, yana cewa ai Najeriya ce ta haɗa baki da Faransa ana ɓoye 'yan ta'adda don a hargitsa Nijar, Nuhu Ribadu mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin kuma ya shiga BBC Hausa ya ƙaryata. Toh mu muna cewa daga can suke zuwa su kuma suna cewa daga nan ne, su kuwa masu bindigar ba ruwansu da wannan musun, harajinsu kawai suke karɓa suna kora shanu. Tambayata itace shugaban da ya tabbata ta ƙasar maƙwabcinsa ake shigowa a kashe masa mutane me ya kamata yayi, ya rufe boda ne, ya kira jakada yayi masa faɗa, ya tura soja su tsallaka, ko yaje yayi lallashi? Cikin waɗannan wanne ne ya taɓa yin aiki a zahiri?

Tsohon_Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ba yau aka fara ba, ka koma lokacin Boko Haram kusan duk abin da ka lissafo an gwada shi. A 2013 da 2014 ƙorafin Abuja kullum shine Kamaru ta bar su suna fakewa a arewacinta, su kai hari Barno su tsallaka ta Banki ko duwatsun Mandara shikenan sun sha, ita kuma Yawunde bata yarda sojan Najeriya ya biyo su cikin ƙasarta ba, kuma in ka tuna rikicin Bakassi ba zaka yi mamaki ba, 2002 kotun duniya ta yanke hukunci, sai 2008 aka gama miƙa wajen, sojojin da suka yi shekaru suna harbin juna ba a rana ɗaya zasu ba juna bayanan sirri ba. Abin kunyar shine sai da aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014 sannan Jonathan da Biya na Kamaru da Deby na Chadi da Issoufou na Nijar da Boni Yayi na Benin suka zauna teburi ɗaya, kuma a ina? A Paris, ranar 17 ga Mayu, shugaban Faransa na lokacin Hollande ne ya tara su. Maƙwabta biyar sai da Bature ya kira su gidansa. A can ne Biya yace ya shelanta yaƙi da Boko Haram, bayan wata biyu kuwa suka shiga Kolofata suka ɗauke matar mataimakin firaministansa, daga nan ya gane ba matsalar Najeriya kaɗai bace.

Duk da haka abin bai tafi daidai ba, Janairun 2015 'yan Boko Haram suka kwace Baga inda hedikwatar rundunar haɗin gwiwa take, sojojin Chadi suka shigo suka karɓe Gamboru da Dikwa, su da na Nijar suka karɓe Damasak a Maris, Deby kuma ya dinga faɗa wa 'yan jarida cewa sun kama gari suna jiran sojan Najeriya yazo ya karɓa ba kowa. Kaga wannan ma faɗa ne a bainar jama'a, kuma ya ɓata wa hafsoshinmu rai ƙwarai.

Abin da ya canza lissafin a ganina ƙafa ce. Buhari an rantsar dashi 29 ga Mayu 2015, cikin mako guda yana Yamai, washegari yana Njamena, kafin yaje ko'ina a duniya, ƙarshen Yuli yaje Yawunde wajen Biya. Najeriya tayi alƙawarin dala miliyan 100 wa rundunar haɗin gwiwar, wato MNJTF, aka mai da hedikwatarta Njamena, aka raba ta shiyya huɗu, Mora a Kamaru, Baga Sola a Chadi, ta Najeriya da yanzu take Monguno, sai Diffa a Nijar, kwamandan kuma ɗan Najeriya. Ni ba ɗan a mutun Buhari bane, shi ɗin ne kuma ya rufe boda daga Agustan 2019 har Disamban 2020 don shinkafa ya jefa mutanen Jibiya da Illela cikin wahala, amma wancan zagayen na 2015 yayi daidai. Boko Haram bata ƙare ba, sai dai sun daina riƙe manyan garuruwa suna kafa tuta kamar da.

Ɗan Ƙonni ya rubuta:

Baba Malam ka yi bayani mai kyau amma ɗan_Kamba tambayarka akwai son kai a ciki wallahi, kamar ku kaɗai aka shigo ma. Mu mi za mu ce? Boko Haram ba a Nijar anka haife ta ba, daga ƙetaren Komadugu sunka zo sunka buga Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, sunka koma Bosso a Yunin 2016 sunka kashe muna soji sama da 20. 'Yan bindigar da ke ɗaukar mutane a Madarunfa da Gidan Runji daga dazukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato suke fitowa, kuma mutanenku na Sabon Birni da Isa da sunka gudo dubbai mu munka tarbe su a jihar Maradi. Issoufou da Bazoum duk ba su taɓa yanke ma Najeriya komi ba saboda wanga. Amma da soji sunka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli, kwana huɗu tsakani CEDEAO, wato ECOWAS, ƙarƙashin Tinubu ta ba da wa'adin mako guda, anka rufe iyaka, anka yanke kuran alhali kusan kashi 70 na wutarmu daga gare ku take zuwa, magani ya yi wuya, kamiyoyi sunka jeru a boda kaya na ruɓewa, ana ta maganar kawo yaƙi. To kai ka gaya min, sojan da jiya kake cewa za ka zo ka yaƙe shi, yau shi za ka ce ya fito ku yi sintiri tare a Bangi ko Tangaza? Ni ban ce duk abin da Tiani ya faɗi ranar nan gaskiya ne ba, ya ambaci daji ya ambaci sunaye amma bamu ga hujjar da anka aza bisa tebur ba, kuma duk wanda ke Ƙonni ya san Lakurawan nan sun daɗe, tun wajen 2018 ake jin ɗuriyarsu a Gudu da Tangaza, mutanen ƙauye ne ma sunka fara kiran su don su kore musu ɓarayin shanu. Sai dai ku dubi lokacin, ƙarshen Nuwamban 2024 Tinubu na Paris ana yi mishi jan kafet wajen Macron wanda munka kori sojojinshi, tsakiyar Disamba anka fasa bututun man da ke zuwa Benin wajen Gaya, ko wane ne ke mulki a Yamai sai zuciyarshi ta raya mishi wani abu.

Sarkin_Yaƙi001 ya rubuta:

Ni dai duk wannan lallashin ne ya kawo mu nan. Ku dubi Indiya mana, Afrilun 2025 aka kashe musu mutum 26 a Pahalgam, washegari Modi ya dakatar da yarjejeniyar ruwan kogin Indus da aka yi tun 1960, ya rufe bodar Attari, ya rage ma'aikatan ofishin jakadancin Pakistan, 7 ga Mayu ya aika makamai masu linzami har cikin ƙasarsu. Haka ƙasa mai ji da kanta take yi. Mu kuwa muna da jiragen yaƙi muna da yawan jama'a amma kullum sai dai a tura tawaga a sha shayi a ɗau hoto. A bi su har inda suke kwana kawai, wanda yaji haushi ya kai ƙara.

'Yar Barno ta rubuta:

Malam Sarkin Yaƙi da ganin rubutunka baka taɓa kwana inda ake jin ƙarar bindiga ba, Allah ya sa kada ka kwana. Misalin naka bai hau ba sam. Indiya zargin da take yi shine hukumomin Pakistan da kansu suke renon ƙungiyoyi irin su Lashkar-e-Taiba, wato akwai wanda in ka matsa masa zai iya cewa yaransa su tsaya. Mu nan wa zaka matsa wa? Tiani ba shi yake ba Lakurawa umarni ba, kasa riƙe dajinsa yayi yadda muma muka kasa riƙe namu, sojojinsa ana kashe su a Tillaberi ba dare ba rana. In ka jefa bom a ƙauyen Dosso ko Tawa wa zaka kashe in ba ƙanin matar wani ɗan Kebbi ba. Kuma ita Indiyar ai kwana huɗu aka yi ana ɓarin wuta, 10 ga Mayu aka tsagaita, kowa ya koma gida yana cewa shi yayi nasara. A 2019 ma bayan Pulwama da aka kashe musu jami'ai 40 sun kai hari Balakot a cikin Pakistan, bai hana Pahalgam faruwa ba. In ma darasi kake nema gara ka dubi 2008, harin Mumbai mutum 166 suka mutu, firaministan Indiya na lokacin Manmohan Singh bai harba ko harsashi ɗaya ba duk da zagin da ya sha a gida, ya dakatar da tattaunawa, ya tattara hujjoji ya miƙa wa Pakistan da sauran ƙasashe har sai da Islamabad ta amsa da bakinta cewa Ajmal Kasab, maharin da aka kama da rai, ɗan ƙasarta ne, daga baya matsin hukumar FATF mai sa ido kan kuɗin ta'addanci yasa aka ɗaure Hafiz Saeed, jagoran Lashkar-e-Taiba, a 2020. A hankali abin ya tafi, mutane da yawa a can har yau suna ganin rauni ne, amma hujja aka kai ba zargi a talabijin ba.

Abin da ya fi damuna ni shine a ƙarshen Maris 2025 Nijar tace ta fita daga MNJTF zata mai da hankali kan tsaron wuraren man ta, kuma shiyyar Diffa ita ke toshe arewacin Abadam da Mobbar. Chadi ma Mahamat Deby yayi barazanar fita bayan an kashe masa soja kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024, irin ƙorafin da babansa yayi bayan harin da aka kai wa sojojinsa a Bohoma a 2020 cewa su kaɗai aka bari da kaya. Masu zama a Abuja labari ne a wajensu, mu kuwa kifi da barkono da hanyar Damasak ne.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Hajiya kin gama magana. Abu ɗaya zan ƙara wa ɗan_Kamba, ka lura su waye suka iya buɗe ƙofar Tiani a Agustan 2023 lokacin da ko tawagar Abdulsalami da Sarkin Musulmi a zuwan farko daga filin jirgi ta juyo. Sarki Sanusi ne ya fara ganinsa, sai malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, bayan nan ne Abdulsalami ya koma har aka bar shi ya ga Bazoum. Majalisar dattawa ma ta ƙi amincewa da zancen yaƙin saboda sanatocin arewa sun san jihohi bakwai ne ke jingine da wannan iyakar ta kusan kilomita 1,500, daga Kebbi har Barno. Takunkumin bai dawo da Bazoum ba, Fabrairun 2024 aka janye shi, su kuma suka fice daga ECOWAS ɗin gaba ɗaya tare da Mali da Burkina.

ɗan_Kamba ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Ɗan Ƙonni kayi haƙuri ai duk abu ɗaya ne, Kamba da Gaya wa zai raba. Amma har yanzu akwai inda ban gamsu ba, Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya a lokacin, yaje Yamai a Agustan 2024 ya zauna da takwaransa na Nijar Janar Barmou aka sa hannu a takarda cewa za a dawo da haɗin kan tsaro, wata huɗu bayan nan aka yi wancan tonon sililin. Tuggar, ministan harkokin wajenmu a lokacin, shi ma yaje a Afrilun 2025 ya gana da takwaransa na Nijar Bakary Yaou Sangare aka fitar da sanarwa mai daɗi. Toh in ziyara ce maganin ai an yi ziyarar.

Ɗan Ƙonni ya rubuta:

Ba komi ɗan uwa. Ziyarar minista daban ta shugaba daban, a Yamai yanzu mutum guda ke yanke magana kuma ba minista ba ne, in ba a zauna da shi ido da ido ba takarda ce kawai. Kuma ni abin da nike kallo ba sanarwar ba ne, hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tun 1971 take nan da ofishinta a Yamai, sanarwa ba irin wadda ba ta fitar ba. Da can perefen Ƙonni da shugaban ƙaramar hukumar Illela, jandarmominmu da sojojinku, in an kora shanu an tsallaka da su waya guda ake bugawa a tare su kafin su yi nisa. Ka tambayi mutanenku na Kamba ko har yanzu mai riƙe da bodar nan yana da lambar na Gaya, kuma in ya kira ana ɗauka ko sai an nemi izini daga sama.