Neman kalma: labarin da ke ba mai karatu abin da ransa ke so

Hajara: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi wa sababbin marubuta darasi, kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko wish-fulfilment, wato labarin da jaruma ke samun duk abin da mai karatu ke kwana da shi a rai: so, dukiya, ɗaukaka. Ta biyu self-aware, jarumar da ta san tana da farin jini kuma ba ta yin kamar ba ta sani ba. A taimaka kafin Juma'a.

Sagir: Wa'alaikumus salam. Ta farko ai "labarin cikar buri" ne.

Malam Bello: Ya yi faɗi, Sagir. Duk labarin da ya ƙare lafiya burin jarumi ya cika. A nan burin mai karatu ake cikawa. Kalmar daga ilimin halayyar ɗan'adam ta yaɗu, inda Sigmund Freud ya ce a littafinsa na 1900 mafarki hanya ce da zuciya ke biyan abin da ta rasa a farke. Ni "mafarkin ido biyu" zan ce.

Anti Rabi: Malam, da wannan ake yi wa mutum gori. Ka gaya wa yarinyar da ta fara rubutu cewa mafarkin ido biyu take yi, ka kashe mata gwiwa. Kuma rubutun ba laifi ba ne. Wadda ta wuni cikin wahala tana da haƙƙin ta karanta labarin da ake tattalin mace.

Kabiru: Ga tawa: "da-ma-ni-ce". Adabin da-ma-ni-ce. Ginin iri ɗaya ne da "da-na-sani", jimla ce ta zama suna. Kuma abin da mai karatu ke faɗa a zuci ke nan idan jarumar ta burge ta.

Sagir: Idan namiji ne ke karantawa fa?

Kabiru: Da-ma-ni-ne. Sai a rubuta duka biyun.

Malam Bello: Kalmar ilimi ba ta sauya riga bisa wanda ya riƙe littafi. Wannan ba za ta shiga takardar jarrabawa ba.

Kabiru: Malam, da girmanka, wa ya ce sai ta shiga jarrabawa? Masu rubutu a waya sun fi masu rubuta kundin digiri yawan masu karatu. Kullum sai an jira jami'a ta sa albarka kafin kalma ta zama Hausa?

Baba Isuhu: Ku yaran nan, abin da ke damuna daban ne. Duk abin da Bature ya raɗa wa suna sai mun bi shi a guje. Da can ba mu da irin wannan labari ne? A ce "tatsuniya" a huta. Ko "muradi" da na ga wasu na sawa Larabci ne.

Anti Rabi: Baba, "labari" da "littafi" ma daga Larabci suka zo, ba wanda ya kore su. Tatsuniya kuma tana da nata tsarin da nata manufar.

Hajara: Don Allah a dawo kan ta biyun, ita ce zuciyar darasin. Abin da nake so su gane shi ne jarumar da kowa ke mutuwar so alhali ita wai ba ta san tana da kyau ba, ƙarya ce da mai karatu ke ganowa da wuri. Turawa suna kiran wadda ba ta da aibi ko ɗaya Mary Sue, sunan da ya fito daga wani gajeren labarin shaguɓe na 1973. Wadda nake nufi ta san ana kallonta idan ta shigo, ta san wa ke sonta don Allah, wa ke son abin hannunta, wani lokaci ma ta yi amfani da farin jinin ta cuci wani, ta kuma san ta cuce shi. Ita ce ake sha'awar zama, don tana da ido.

Sagir: "Mai ji da kai"?

Anti Rabi: A'a, wannan ya karkata ga girman kai. "Sanin ciwon kai" kuma hankali ne da ɗaukar nauyi. Gara "jarumar da ta san kanta".

Malam Bello: Bayani ne, ba kalma ba. Amma ba ni da wadda ta fi ta a yanzu.

Kabiru: Da-ma-ni-ce fa?

Hajara: Ga abin da zan yi. A allo zan rubuta "labarin cika burin mai karatu", da baki in ambaci da-ma-ni-ce in ga ko za ta kama bakinsu. Ta biyun zan bar ta "wadda ta san kanta". Na gode ƙwarai.

Malam Bello: To. Amma kada ta shiga takardar da za ki raba musu.

Kabiru: Malama Hajara, ki gaya mana wadda suka riƙe bayan darasin.