Neman shawara: an kira ni intabiyu a makarantar nas, tsoro ya hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Na ci jarrabawar shiga kwalejin koyon aikin jinya ta jiharmu, sunana ya fito cikin waɗanda za a yi wa intabiyu ranar Litinin. Ni a takarda ba ni da matsala amma da an ce in yi Turanci gaban manya sai muryata ta kama rawa, abin da na sani ma ya ɓace min. Babanmu da ƙyar ya haɗa kuɗin fom, wallahi ba na so in ba shi kunya. Me suke tambaya, kuma me zan tafi da shi?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki. Fara da takardu tun yau. Asalin sakamakonki na WAEC ko NECO mai kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma kada ya wuce zama biyu. Sai takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, testimoniya, hotunan fasfo da fotokwafin kowacce, duk a fayil ɗaya. Ki baza su a tabarma ki duba sunanki harafi harafi, don a nan ake tsayar da mutane tun kafin su ga fanel, wato masu yin intabiyun.

Anti Nas: 'Yata kwantar da hankalinki, ba Turancin gayu suke nema ba, so suke su ga kina sauraro kuma kina da natsuwa, tunda gobe rai za a damƙa miki. Za su ce ki gabatar da kanki, sannan me ya sa kike son aikin. Kar ki tsaya a "ina so in taimaki al'umma", kowa abin da yake faɗa ke nan har sun gaji da ji, in kin taɓa jinyar kakarki ko kin ga yadda mata ke shan wuya wajen haihuwa a ƙauyenku to shi za ki faɗa a gajarce. Ki san Florence Nightingale, wadda ta kafa aikin jinya na zamani, ki san 12 ga Mayu ce ranar nas ta duniya, zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37, bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 a minti, kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NMCN, ita ce ke ba da lasisi. In ba ki ji tambaya ba ki roƙa a maimaita, ba laifi ba ne.

Abu Fatima: Ki haddace sunan gwamna, kwamishinan lafiya da shugaban ƙaramar hukumarku. Sannan kullum bayan Isha'i yayanki ya zauna a kujera, ki shigo ki gaida shi ya jefo miki tambayoyi ki amsa da ƙarfi, bakin zai saba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai miki hanya, ki rabu da shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Sadiq yanzu na duba, a NECO an rubuta sunan babanmu Abubakar, a takardar haihuwa kuma Garba ne. Akwai matsala?

Maman Sadiq: Gobe da safe ki je kotu ki yi afidabit cewa duk ke ce, ki tafi da hoton fasfo da katin NIN. Kar ki bari sai Juma'a, ma'aikata da wuri suke tashi.