An mayar min da tsohon metal a injin M3

Mai M3: Jama'a ku zo ku ji abin takaici. Na kai BMW M3 ɗina E46 aka sauke inji, aka canja ringi da gasket, kuɗin da aka yanka min ban rage ko sisi ba, ba a jima ba inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana dakan sakwara. Da aka buɗe ashe tsohon metal ɗin kiranshaf, wato bearing ɗin da sandar inji ke juyawa a cikinsa, aka mayar min, har jan ƙarfensa ya fito. Wai ya duba da ido ya ga lafiyarsa ƙalau. Wallahi makanikan bakin titi ba abin da suka iya sai kashe wa mutum mota.

Oga Gareji: Alhaji Allah ya mayar da alheri, amma don Allah ka janye maganar bakin titin nan. Tun kafin a haifi wasu a nan nake sauke inji a gindin bishiya kuma har yau ba wanda ya dawo min da aiki.

Mai M3: Oga ni ban kira sunanka ba.

Oga Gareji: Ba sai ka kira ba, jam'i ka yi.

Yaron Oga: Gaskiya maigida ya faɗa. In motarku ta mutu a hanyar Zariya ƙarfe biyun dare wa kuke kira? Masu gareji mai AC suna ɗaga waya?

Ɗan Abuja: To ai bakin titi ba zagi ba ne, wuri ne. In garejinka a bakin titi yake me za a ce maka?

Yaron Oga: Kai ma ka san da wace murya aka faɗa.

Injiniya: Ku bari mu koma kan metal ɗin. Ido ba ya auna shi. Bayansa ƙarfe ne, sai jan ƙarfe, sai wani shafi siriri a sama, kuma kiranshaf ba a kansa yake gogawa ba, a kan baƙin mai yake juyawa, ratar da ke tsakani kuwa wajen 0.025 mm ce ga kowane 25 mm na kaurin wuyan kiranshaf, gashin kai ma ya fi ta kauri. Sai an sa abin awo, maikuromita ko zaren robar auna rata da ake kira Plastigage. Injin S54 na motar nan yana kai juyi 8,000 a minti, kamfanin BMW da kansa ya taɓa kiran motocin 2001 zuwa 2003 ya canja musu metal ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf. In jan ƙarfe ya leƙo magana ta ƙare. Alhaji, men metal, wato wanda ke riƙe kiranshaf a jikin inji, aka mayar ko na konrod?

Oga Gareji: Ka ga irinta ko, boko. Mu da farce muke gane kiranshaf ɗin da ya ci, in ya ci a kai a yanka a sa metal mai ƙarin kauri, 010 ko 020, in bai ci ba metal mai kyau ya koma inda aka ciro shi. Na mayar a Peugeot 504 ba adadi.

Injiniya: Oga ban ce haramun ba ne, in an auna kuma kowanne ya koma gurbinsa ana yi. Amma 504 daban M3 daban, a wasunsu ma ko notin konrod sau ɗaya ake amfani da shi don miƙewa yake.

Ɗan Toyota: Duk wanda ya sayi BMW ai da hannunsa ya sayi hawan jini. Corolla ta ko manja ka zuba mata sai ta kai ka Maiduguri.

Mai M3: Malam ana maganar mota kana kawo Corolla.

Ɗan Toyota: Tawa dai tana tafiya, taka tana kan dutse.

Ɗan Abuja: Wane mai ma kake zuba mata? 10W-60 ake sa wa injin nan, in 20W-50 na jarka kake ɗura mata kar ka ɗora wa bawan Allah laifi.

Yaron Oga: Yauwa! Kuma a tambaye shi ya ba da kuɗin sabon metal ko cewa ya yi a lallaɓa? Mun san halin masu manyan motoci, a sayi mota da miliyoyi a tsaya ciniki kan kuɗin aiki.

Mai M3: Yaro ka iya bakinka, ni ba sa'anka ba ne.

Oga Gareji: Kai ba shi haƙuri. Amma Alhaji ba ka amsa ba, kuma ba ka janye bakin titi ba. Sannan sabon da ake cika baki da shi, jabu ya yi yawa a kasuwa, tsohon asali ya fi sabon jabu sau dubu.

Injiniya: Har yanzu ba a gaya min men ne ko konrod ba.

Admin: To ya isa haka, za a rufe. Abin da na fahimta kowa ya yarda mayar da tsohon metal ganganci ne, Injiniya ya kawo hujja ba wanda ya iya tanka masa. Maganar jabu kuma ba kowane shago ba ne, a daina yi wa 'yan kasuwa kuɗin goro. Wanda ke son sabo, standad ko 010, ya same ni a shago bayan la'asar.

Oga Gareji: Ni yaushe na yarda?