Yaya zan adana zanen titi mai dusar ƙanƙara a yanayin Kaduna?

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kawo mini tsarabar wani zane da aka buga a takarda, an rubuta a bayansa cewa Robert Henri ne ya zana shi a 1902. Titi ne a birnin New York, dogayen gidaje masu duhu sun sa shi a tsakiya, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ga keken doki yana ratsawa. Ina so in rataye shi a falo, amma ina tsoron ƙurar hunturu da laimar damina. Sannan dusar ba fara fat ba ce, ko bugun ne ya lalace?

Malamin zane, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bugun lafiyarsa ƙalau. Asalin zanen na fenti ne, yana ajiye a gidan adana zane-zane na National Gallery of Art da ke Washington, kuma da gangan mai zanen ya dusashe farin, domin yana cikin masu zanen Amurka da suka ƙi ƙawata birni, suka gwammace su nuna shi yadda talakawa ke zaune a cikinsa. A wancan zamani da kwal ake ɗumama gidaje, dawaki kuma suna tattake dusar har ta koma ruwan toka. Ki lura da sawun ƙafafun keken, a ganina nan ne gwanintar take.

Mai haɗa firam, Tudun Wada:
Hajiya, don Allah kada ki yarda a manne shi da leda mai zafi, domin idan aka yi haka babu gyara. A sa shi a firam mai gilashi, tare da kwali mai kauri a gefe wanda zai hana takardar taɓa gilashin, in ba haka ba laimar watan Agusta za ta manne su, tabon fumfuna ya fito. A kuma liƙe bayan firam ɗin tsaf, saboda ta nan ƙura ke shiga.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Malam. Bangon da na zaɓa yana kallon taga, akwai matsala?

Mai haɗa firam:
Akwai, domin hasken rana yana cinye launi, ya mayar da takarda rawaya. Ki zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta dukansa, kuma ruwan sama ba ya jiƙa bayansa.